Yadda Na Kai Ƙasa Gasar Nahiya da Jarka a Hannu

Jiya da la'asar, lokacin da duk wani mai ido biyu a ƙasar nan yake gaban talabijin yana kallon wasanmu na ƙarshe na neman gurbi a gasar nahiya, ni ina tsaye a gidan mai da jarka a hannu. Ba ni da mota, ba ni da babur. Gidan man ma babu mai a cikinsa, kowa ya sani, har akuyar da take kwana a gindin famfon ta sani. Injin wutar da aka ce in sayo wa man kuwa, da idona na ga an cika masa tanki tun da safe. Amma ga ni a layi, rana tana dukan ƙeyata, wai ina yi wa ƙasa hidima. Ku gyara zama in ba ku labarin, don na tabbata ba za ku ji shi daga bakin Masu Girma ba.

A unguwarmu, shagon Tela ne gidan kallonmu. Tela abokina ne tun muna yawo ba takalmi. Talabijin ɗinsa tana bisa kabad ɗin da yake ajiye yadin mutane, mu kuma mu jeru a benci biyu tsakanin keken ɗinki da teburin guga. Wurina sananne ne, can ƙarshen benci na baya, inda wata ƙusa ta leƙo kai. Ƙusar nan ta sha yaga mini wando, Tela ya sha ɗinkewa, kuma daga ni har shi ba wanda ya taɓa tunanin a cire ta. A nan na kalli ƙwallo shekara da shekaru cikin mutunci, ana tambayata ra'ayi, ina bayarwa ko ba a tambaya ba.

Masifar ta faro ne a wasan farko na share fage. Ana cikin wasa fitsari ya matse ni, na zagaya bayan shago. Ina tsugune na ji ihu ya tashi, mun ci. Na dawo ina ɗaure tazuge, aka ba ni labari. A wasa na biyu mai ɗakina ta aiko wai famfon gida ya ɓalle, ruwa yana shiga ɗaki. Ina fita ko kwana ban sha ba, mun ci. A wasa na uku na rantse ko gidan ne ya kama da wuta ba zan motsa ba. Ban sha ruwa ba tun safe, na zauna daram a kan ƙusata daga busar farko har ta ƙarshe. Aka lallasa mu.

Kowa a shagon ya zabga tagumi. Sai Mai Aski ya yi gyaran murya. Mai Aski shi ne masanin lissafin unguwa. Shi ne yake iya gaya maka cewa in mun yi kunnen doki, su wancan suka ci su wancan, sannan aka yi ruwa a wata ƙasar, to har yanzu muna da dama. Mutum ne da yake riƙe da reza a wuyan kowa duk mako, don haka ba a cika yi masa gardama ba.

Ya ce, "Jama'a, ni ba zargin kowa nake yi ba. Amma wa ya fita a wasan farko?"

Aka juyo aka dube ni.

"A na biyu fa?"

Aka sake dubana.

"Yau kuma wa ya ƙi fita?"

Na miƙe na kare kaina, kuma har yau ina ganin na yi jawabi mai kyau. Na tuna musu cewa 'yan wasanmu a kan kujerun filin jirgi suka kwana, saboda jirgin da aka tanadar musu sai da ya fara kai Masu Girma da iyalansu da masu riƙe musu jaka. Na tuna musu cewa mai tsaron ragarmu da safar hannu ta aro ya kama, domin an sauke kayan 'yan wasa don akwatunan tawaga su sami wuri. Na ce kocin ma a bakin ƙofar filin wasa aka tsare shi, ba a buga masa katin shiga ba, alhali an buga wa surukin wani Mai Girma har da hotonsa yana murmushi. Na ce duk wannan ba a gani ba, sai fitsarina?

Mai Aski ya saurare ni har na gama, yana gyaɗa kai cikin ladabi. Sannan ya ce, "Malam Marubuci, duk abin da ka faɗa gaskiya ne. Amma su Masu Girma ba mu da ikon tura su bayan shago. Kai kuwa muna da shi."

Tun daga ranar aka yanke mini hukuncin farar ƙafa, ba ɗaukaka ƙara.

Da farko da dabara ake yi. Ana take wasa sai Tela ya dafa goshi ya ce zare ya ƙare masa, ko zan taimaka. Wani ya ce ƙishi yake ji, a samo ƙanƙara. Matsalar ita ce ina da sauri, kan a yi wani abin kirki na dawo. Akwai ranar da na dawo da zaren ana shirin buga fenaretin da aka ba mu, ina sa ƙafa a shagon ɗan wasanmu ya ɗaga ƙwallon sama, ina jin har yau ba ta sauko ba. Sai aka zauna aka yi shawara, a nemo aiken da ba a dawowa daga gare shi. Nan take kowa ya tuna da layin mai. Aka samo jarka, aka ɗaura mata igiya, aka rataye ta a ƙusar bango kusa da wurin zamana. Yaran unguwa ma suka daina kirana Baba Marubuci, suka koma Baba Mai Jarka.

A nan ya kamata in tsaya in gode wa Masu Girma, don ni mutum ne mai adalci. Ba don sun tsaya tsayin daka sun tabbatar babu mai ba, da unguwarmu ta rasa inda za ta kai ni, da kuma ƙasa ta rasa maki. Kwanakin baya wani Mai Girma ya shiga rediyo ya ce layin mai ya zama tarihi. Mutane suka yi ta zaginsa, ni ban ga laifinsa ba. Abin da aka daɗe ana yi har jikoki suna tambayar yadda aka fara, ai tarihi ne.

Kuma kada wani ya ce ba sa aiki a kan ƙwallon. Akwai Babban Kwamitin Tabbatar da Nasara. Akwai Ƙaramin Kwamitin Rakiyar Babban Kwamiti. Akwai wanda aka tura ƙasar abokan karawarmu musamman don ya duba ciyawar filinsu, ya yi mako guda a otal, ya dawo ya ba da rahoto cewa koriya ce. A wannan karon ma sun nuna hangen nesa, sun kafa Kwamitin Binciken Dalilin Rashin Nasara tun kafin a buga wasan, don kada a ɓata lokaci. Ni kaɗai ne ma'aikacin ƙwallon ƙasar nan da ba a taɓa saka shi a jirgi ba.

To, ana haka har muka kawo wasan ƙarshe. A wannan karon lissafin Mai Aski gajere ne: sai mun ci. Kunnen doki ba zai yi ba, ruwan sama a wata ƙasa ba zai taimaka ba. Ni kuma na yi nawa lissafin. Tun da aka fara wasannin nan ban ga ƙwallo ɗaya tamu ta shiga raga da idona ba. Maimaici nake gani, bayan kowa ya gama murna ya koma zancen wani abu. Wanda bai san ƙwallo ba zai ce ai duk ɗaya ne. Ba ɗaya ba ne. Ina so in ga ragar nan ta motsa a daidai lokacin da kowa ya gani, in yi tsalle tare da mutane, in taka ƙafar wani ya yafe mini. Abin da nake nema ke nan, ba kujera a jirgi ba.

Da safe na ciro rigar ƙungiyar ƙasa daga ƙasan akwati na saka. Na ce wa mai ɗakina, "Yau sai na kalla. Ko sama da ƙasa za su haɗu."

Ta ce, "Allah ya taimaka, Maigida." Tana magana tana shanya wani abu a kan katanga. Na duba, jarkar ce. Ta aika an karɓo ta daga shago, ta wanke ta ciki da waje.

Na ce, "Har da ke?"

Ta ce, "Ni ban ce kana da wani abu ba. Na dai lura tun da ka fara zuwa duba shukar nan tawa ta bayan ɗaki kullum da safe, ba ta ƙara tsawo ba."

Na fita ban karya ba. Jarkar kuma ta riga ni isa shago, ban san ta wace hanya ba.

Na shiga na yi sallama, aka amsa ciki-ciki. Na zauna a kan ƙusata na harɗe hannu. Aka take wasa. Wallahi yaranmu sun yi wasa, kamar ba su ne suka iso filin da gyangyaɗi ba. Ɗan wasan gabanmu ya yanke mutum biyu ya sheƙa, ƙwallo ta daki turke ta dawo. Shagon gaba ɗaya ya juyo ya dube ni. Can aka sake kawo hari, mai tsaron gidansu ya faɗi, raga a buɗe, sai namu ya zame ya zauna a kan ƙwallon. Aka sake juyowa. Daga baya ma ba sa jiran a ɓarar, da an nufi ragar sai rabin shago ya kalli talabijin, rabi ya kalle ni. Wani dattijo da yake gaba ya ce a hankali, wai ko zan ɗan rufe ido ɗaya a gwada. Aka tafi hutun rabin lokaci babu ci.

Kowa ya kau da kai daga gare ni. Sai Tela ya taso daga kan kekensa ya zo ya zauna kusa da ni, har benci ya yi ƙara. Ya daɗe yana wasa da tef ɗin awo da yake wuyansa.

Ya ce, "Aboki, ka san ni ban yarda da zancen nan ba."

Na ce, "Na sani."

"Shirme ne. Ina ruwan turken wata ƙasa da zamanka a shagona?"

"Shi ne dai."

Ya ce, "Amma in aka tashi ba mu ci ba, ba zan iya kare ka a wurin mutanen nan ba. Kuma in gaya maka gaskiya, ni ma duk sanda na gan ka sai na ce a raina, da ya fita fa?"

Da Mai Aski ne ya faɗa, da mun yi ta har a rufe shago. Amma Tela ne, mutumin da muka fasa tagar makaranta tare da ƙwallon tsumma muka sha bulala tare. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na miƙe, ƙusar ta ɗan ja wandona kamar ita kaɗai ce ba ta so in tafi. Na sauko da jarkar da kaina. Mai Aski ya miƙo hannu cikin girmamawa ya karɓi wayata, don kada shaiɗan ya sa in leƙa a hanya.

Da na isa gidan mai sai na ga abin da ban taɓa lura da shi ba. Sauran ranakun layin cike yake da motoci da babura da masu faɗa, ba ka gane kowa. Jiya kuwa duk mai abin hawa ya kulle ya tafi kallo. Waɗanda suka rage maza ne zalla, sun kai cikin motar haya biyu, kowa da rigar ƙungiyar ƙasa, kowa da jarka wankakkiya, kowa yana kallon ƙasa. Na bi bayan wani mai farin gilashi, da gani malamin makaranta ne. Ya dube ni, ya dubi jarkata.

Ya ce, "Wace unguwa ce ta koro ka, ɗan'uwa?"

Na ce, "Mai na zo saya."

Ya ce, "Mu ma duk shi muka zo saya." Ya ɗaga tasa jarkar ya nuna mini gindinta. A huje take, huji har yatsa yana shiga. "Tun wasa na biyu nake zuwa da ita. Ba wanda ya taɓa tambayata ina man."

Ashe kowace unguwa a garin nan tana da nata. Kowace unguwa ta zauna da nata Mai Askin, ta yi nata lissafin, ta gano cewa ba jirgi ba ne, ba safar hannu ba ce, wane ne. Muka shiga gaisawa kamar 'yan gida ɗaya da suka daɗe ba su haɗu ba. Wani ya ce shi in ya yi tari ake cin mu. Wani ya ce shi ko rediyo an hana shi, har na maƙwabta ake kashewa in zai wuce. Wani bawan Allah mai furfura ya ce 'ya'yan cikinsa ne suka rako shi har bakin titi, a gidan da ya gina, daga gaban talabijin ɗin da ya saya. Mai Gilashi shi ne shugaba, ya fi kowa daɗewa. Ya koya mini yadda ake bin wasa daga nan: ka kasa kunne ga gari. In ka ji gari ya yi "ahh" gajere, mun ɓarar. In ya yi dogo, su ne suka kusa. Muka zauna a kan jarkokinmu muna sauraron gari yana nishi.

Muna nan sai ga jiniya. Motoci baƙaƙe suka shigo a jere, ƙura ta tashi, akuya ta tsere. Manajan gidan man, wanda tun da aka fara wahalar nan ban taɓa ganin ya tashi daga kujerarsa ba, ya fito da gudu yana gyara hula. Ya cire sarƙa, ya danna wani abu, sai famfon da muka ɗauka ya rasu ya yi tari ya farfaɗo.

Na matsa na ce, "Manaja, ba ka ce babu ba?"

Ya ce, "Babu na sayarwa. Wannan na girmamawa ne."

Aka kashe babbar motar don a zuba mata, sanyin ciki ya ɗauke, sai direban ya sauke gilashin baya don Yallaɓai ya sha iska. A nan muka ga abin. A bayan kujerar gaba akwai 'yar talabijin, faɗinta bai wuce tafin hannu biyu ba, ga filin wasa kore shar, ga yaranmu suna gudu. A gabanta kuma ga Mai Girma ya baje, hula ta zame, baki a buɗe, yana sharar barci.

Na tambayi direban a hankali ko wane ne. Ya ce Shugaban Ƙaramin Kwamitin Sa Ido kan Wasa ne. Jirgi ya cika bai sami wuri ba, shi ne aka ɗora masa nauyin sa ido daga gida.

Ban san wanda ya fara matsawa ba. Na dai ga muna tafiya kaɗan-kaɗan, jarka a hannu, kamar kaji sun ga an watsa tsaba. Mai Gilashi yana cewa, "Jama'a, ku ji tsoron Allah, kada ku kalla, amanar ƙasa ce a wuyanmu." Yana faɗa ya rufe fuska da hannu, yana leƙe ta tsakanin yatsu. Masu tsaron Yallaɓai ba su hana mu ba, su ma sun zura kai ta ɗaya tagar. Haka duk farar ƙafar garin nan ta taru a taga ɗaya, kai bisa kai.

Muka sami bugun kusurwa. Yaron ya ajiye ƙwallo, ya ja da baya, ya ɗaga hannu. Na ce a raina, tashi ka bar wurin nan, kai ne za ka kashe ƙasa. Ƙafata ta ƙi. Ƙwallo ta taso ta lanƙwaso, dogon ɗan bayanmu ya tashi sama ya bar kowa a ƙasa, ya sa mata kai. Na ga mai tsaron gidansu ya miƙe a banza. Na ga raga ta kumbura ta girgiza.

Na gani da idona, lokacin da abin yake faruwa.

Abin da ya biyo baya ba zan iya tsara muku shi ba. Na san na rungumi Mai Gilashi har gilashin ya karkace. Na san dattijon nan mai furfura ya durƙusa yana kuka, ni ma hawaye nake yi ban ji kunya ba. Aka kifa jarkoki ana kiɗa. Wani ya taka mini ƙafa na yafe masa nan take. Ihun ya tashi Mai Girma a firgice. Ya ga taron maza a tagarsa suna tsalle, sai ya gyara hula, ya ɗaga mana hannu, ya ce, "Mun ji kokenku. Za a kafa kwamiti." Gilashin motar ya tashi, jiniya ta tashi, suka tafi da talabijin ɗinsu. Famfo ya koma ya mutu, akuya ta dawo wurinta.

Mai Gilashi ya hau kan jarkarsa ya ce, "'Yan'uwa, kun ga dai. Dukanmu mun kalla, kuma an ci. Kowa ya koma unguwarsa ya karɓi wurin zamansa." Muka watse da gudu.

A hanya na lura gari ya yi shiru, shirun da bai dace da mutanen da suka ci ƙwallo ba. Na ce wataƙila murna ce ta sa suka suma. Ina gudu ina shirya jawabin da zan yi wa Mai Aski, har da inda zan tsaya in nuna shi da yatsa. Tafiyar da nisa, ni kuma ba yaro ba, na tsaya na huta a gindin wata bishiya, na sake tsayawa a bakin wani kanti. Ina shan kwanar unguwarmu sai gari ya fashe da ihu, mata suna leƙowa, yara suna buga marufin tukunya. Na ce ikon Allah, talabijin ɗin talaka ma a makare take kawo labari.

Kafin in kai ƙofar shago an busa tashi. Suna hango ni suka yo kaina. Ban ankara ba na ji ni a sama, a kafaɗun mutane, ni da jarkata, ana zagaye da ni ana kiran Mai Jarka. Dattijon da ya ce in rufe ido ɗaya yana ta sa mini albarka. Da ƙyar na samu suka sauke ni a kan teburin guga. Na ɗaga hannu aka yi shiru.

Na ce, "Jama'a, yau ƙaryarku ta ƙare. Ƙwallon nan na gan ta. Da idona, ana bugawa ina kallo. Bugun kusurwa, dogon nan ya tashi ya sa kai."

Mai Aski ya karkata kai.

Ya ce, "Da ka?"

Na ce, "Da ka."

Ya ce, "Wadda ta kai mu gasa da ƙafa aka ci ta, Malam Marubuci. Yanzun nan, ana dab da tashi." Ya ƙara da cewa, "Wadda aka ci da kai kuwa, alƙalin wasa ya je ya duba na'ura ya soke ta. Wai dogon ya ture ɗan bayansu."

Wani daga baya ya ce, "Shi ya sa. Muna ta mamaki, ƙwallo lafiyayya haka."

Na buɗe baki in ce ba ni kaɗai ba ne, mun kai cikin mota biyu. Sai na ga in na faɗa, na tona asirin bayin Allah, kuma hujjar ba ni za ta taimaka ba. Na nemi Tela da ido. Yana tsaye jikin kekensa, dariya tana cinsa, tausayi kuma ya hana shi yin ta.

Ya ce, "Aboki, lokacin ta biyun kana ina?"

Na ce, "Ina hanya."

"Kana kallo?"

"A'a."

Ya ce, "To, alhamdu lillahi." Aka sake ɗaga ni sama.

Yau da safe na kunna rediyo na ji muryar da na sani. Mai Girma Shugaban Ƙaramin Kwamitin Sa Ido ne, yana bayyana wa 'yan ƙasa cewa nasarar nan sakamakon jajircewa ce, shi kansa bai runtsa ba daga farkon wasa har ƙarshe. Ya ƙara da cewa a kan hanyarsa talakawa sun tare motarsa suna kuka don godiya. Ban ƙaryata shi ba. Kukan dai an yi, ina cikin masu yi.

Da hantsi Tela ya aiko a kira ni. Na tarar ya cire ƙusar nan daga benci, bayan duk shekarun nan, wani mai gyaran waya ma har ya zauna a wurin. Ya jawo wani abu daga ƙarƙashin keke ya miƙo mini. Jarkata ce. Ya ɗinka mata riga da launin tutar ƙasa, ya yi mata maratayi mai laushi, a gefe guda kuma ya cusa auduga ya yi matashi.

Ya ce, "Gasar doguwa ce. Kada bayanka ya yi ciwo."

Na zauna a kai na gwada. Wallahi ta fi bencin daɗi, kuma hakan ya fi komai ɓata mini rai. Ƙwallon da na gani ba ta cikin lissafin kowa, ko maimaicinta ba sa nunawa. Amma kyakkyawa ce, kuma da ni aka yi tsallenta.

Saura roƙo ɗaya gare ku, Masu Girma, Allah ya ja zamaninku. Don Allah kada ku kawo mai sai an gama gasar nan. Na ji Mai Aski yana cewa in layin mai ya ƙare, ofishin 'yan fansho za a riƙa tura ni, can kuwa ko inuwa babu. Ban taɓa roƙonku abu kun yi ba, amma wannan hankalina a kwance yake.